Wace kwamfuta ce za ta jure hanyar Tanut?

Musa Direba: Salamu alaikum ƴan zaure. Ni ke jan ambilans da ke kwaso marasa lafiya daga ƙauyukan Tanut zuwa Damagaram. Cikin shekara guda kwamfuta biyu muka binne. Ta farko ta riƙa ƙara kamar injin niƙa kafin ta mutu, ta biyu kuma da motar ta sha rana sai ta kashe kanta. Yanzu an ce mu kawo sunan wadda za a saya. A taimaka mana.

Alhaji Habu: Wa alaikumus salam. Wane aiki kuke yi da ita tukuna?

Musa Direba: Malamar jinya tana shigar da bayanin majinyaci, ni kuma ina duba taswira, Alhaji.

Laminu Mai Gyara: Malam Musa, ta farkon faifanta na ajiyar bayanai ne ya tafi. Tsohon faifai juyawa yake sau 5400 a minti, allura na bin sa, ga gargada tana jijjiga shi. Sai mai SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai, babu abin da ke motsi cikinsa. Ta biyun kuwa fanka ce ta shaƙi ƙura. Makon jiya na buɗe wata, abin da na ciro daga fankar kamar audugar katifa, ja wur. Ku nemi Panasonic Toughbook, ko Getac, ko Dell Latitude Rugged. A takardarta ku duba IP65: 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, 5 ɗin feshin ruwa. Sai MIL-STD-810, gwajin sojan Amurka na zafi da faɗuwa da jijjiga.

Malam Issufu Mai Wayarin: Laminu ya yi gaskiya, amma ni rabin waɗanda na gani sun lalace, wuta ce ta ci su, ba hanya ba. Musa, a ina kuke jona ta?

Musa Direba: A wurin kunna taba, da ƙaramar inbata, Baba.

Malam Issufu Mai Wayarin: To ka ji. Da inbatar ka mai da wutar batir bolt 220, caja ta sake mai da ita ƙasa, ana ta zafi a banza. Sannan duk sanda ka murza makulli, sitata na jan wuta, batir ya faɗi ƙasa da bolt 10, ya kuma hau 14 da mota ta tashi. Sau nawa kake tayar da mota a yini? Ku sayi caja ta mota wadda aka yi domin kwamfutar, a jawo mata waya daga batir da fis nata ita kaɗai, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen mota mai tsabta, ba kan fenti ba. Akwai kuma kwamfutoci masu kamar ƴan akwatuna da ake ɗaurewa ƙarƙashin kujera, irin na Advantech da Neousys, babu fanka ko ɗaya, jikinsu ne ke fitar da zafi. Da yawansu suna karɓar bolt 9 zuwa 36, ke nan ƙaramar mota mai 12 da babbar mota mai 24 duk ɗaya ne. Suna da wayar makulli: sai mota ta tashi su kunnu, in ka kashe su jira su rufe kansu cikin natsuwa.

Hajiya Rabi: Ni dai motocina na kaya da ke bin Magariya zuwa Kano ban sa musu wannan tsadar ba. Samsung Galaxy Tab Active3 na saya wa direbobi. Batirinta na cirowa, tana ma aiki a caja babu batir, don haka ba abin da zai kumbura a zafin Afrilu. Matsalata ɗaya, yaran mota sun mai da ita majigi.

Malama Zuwaira: Hajiya, ga kaya ta isa, amma mu namu aikin daban ne. Ina sanye da safar hannu, wani lokaci da jini, mace na naƙuda, mota na tsalle. Ina son gilashin da ke jin yatsa cikin safa, wanda in na goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai dishe ba. Kuma da rana tsaka ba na ganin komai sai fuskata.

Laminu Mai Gyara: Wannan haske ne, Malama. Da nit ake auna hasken gilashi: ta ofis ba ta cika wuce nit 300 ba, ku nemi mai 1000. Su Toughbook da Getac suna da saitin safar hannu.

Alhaji Habu: Ta hannu fa? Ana samun su a Kano da sauƙi.

Laminu Mai Gyara: Ana samu, Alhaji, yawanci Toughbook samfurin CF-19 da CF-31 da ƴan sanda da sojojin waje suka sallama. Kafin a biya, a danna F2 tana kunnuwa a shiga BIOS, wato shafin saitinta na asali. In ta nemi kalmar sirri, a ajiye ta a yi gaba. A nan ne ma Toughbook ke nuna awoyin da ta yi tana aiki. A kuma sa sim ɗinmu a gwada a gaban mai kayan, don wasu na Amurka ba sa kama rezo ɗinmu. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin nan kuwa ba sa cikin waɗanda aka yarje wa Windows 11. Ga bayanin majinyata, ni ba zan so haka ba.

Musa Direba: Rezo ma ai da an saki kwalta an shiga daji sai addu'a.

Hajiya Rabi: Sauke taswirar Nijar a manhajar OsmAnd tun kana gari. GPS da tauraron ɗan Adam yake magana, ba ruwansa da rezo.

Malam Issufu Mai Wayarin: A ƙara da mazauni. Kar a ɗora ta a cinya ko kan dashbod, nan rana ta fi gasawa, kar kuma a kafa ta gaban jakar iska. In ba a samu na kamfanin RAM Mounts ba, mai walda zai haɗa, a sa roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Musa Direba: Allah ya saka da alheri. Zan rubuta musu Toughbook ko Getac sabuwa, da cajar mota da mazauninta. Baba Issufu, in kawo motar Asabar ka duba wayarin?

Malam Issufu Mai Wayarin: Kawo bayan la'asar. Ka taho da inbatar nan ma, ina son in ga abin da ta riƙa ba su.