Gwajin jini bayan ɗan wasa ya bugu a ka

Likitoci da masu horar da 'yan ƙwallo Hausawa mazauna Jidda sun tattauna batun, ga abin da suka tsayar.

Idan ƙwaƙwalwa ta girgiza, wasu furotin nata kan tsiyaya cikin jini. Biyu aka fi aunawa: UCH-L1, wanda yawansa a jini ke kai ƙololuwa wajen awa 8 bayan buguwar, da GFAP, wajen awa 20. Saboda haka a rubuta lokacin buguwar tun a fili. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da gwajinsu a 2018, amma don a tantance wanda ke buƙatar hoton ƙwaƙwalwa na CT ne. Sakamako mai kyau bai ba kowa izinin komawa wasa ba, kuma nan mutane suka fi yin kuskure.

S100B kuwa, wani furotin da shi ma ake aunawa a jini, sai da taka-tsantsan. Gudu kaɗai yana ɗaga shi, karaya ma haka, kuma a jinin baƙar fata yakan fi yawa tun asali.

Zafin Jidda ma yana kawo jiri da ciwon kai, amma kada a ɗora wa rana laifi: a fitar da ɗan wasan, likita ya duba shi da SCAT6, wato jerin tambayoyi da gwaje-gwajen gano girgizar ƙwaƙwalwa. In yana ta amai ko barci na rinjayarsa, sai asibiti nan take.