Musayar waƙa: bindigar harsashi ko ta haske?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau da baiti za mu kara, wanda bai iya ba ya zauna ya yi kallo. Bismilla

Kalash ta 1947 har yau tana ɓarna,
Harsashi in ya kuɓuce bai san yaro ko mai gona,
Amurka ta ƙera wata mai aiko zafi kamar rana,
Fata kawai take gasawa, ka ruga gida ka kwana.

Hajiyar Zango:
Kai Ɗan Birni wa ya ce maka zafi wasa ne? to saurara

A 2010 sun kai ta Afganistan, ba su harba ba,
Suka maida ta gida, kai ba ka tambayi dalili ba?
Taser mai harba lantarki ma cewa aka yi ba ta kisa, ba haka ba,
Reuters ta ƙirga sama da 1,000 a Amurka da ba su tashi ba.

Baba na Garin Malam:
Ku biyun duk kun tsallake gida kun tafi ƙetare

Zamanin Sarki Tanimun a nan aka ƙera igwa,
Maƙeran Damagaram har albarushi suna haɗawa,
Ta yi ƙara ta yi hayaƙi, kowa ya san mai harbawa,
Ta haske ba ƙara ba kwanso, wa za a je kamawa?

Ɗan Birni:
Allah ya ƙara girma Baba, amma fa akwai doka

Tun 1995 ƙasashe suka sa hannu a takarda,
Lesa, bindigar haske, mai makanta mutum an hana ta, an yarda,
Lesar DragonFire ta Ingila kan jirgi marar matuƙi aka gwada,
Harbi guda wajen fam 10, kun ga ai ba tsada.

Hajiyar Zango:
Ai arhar ce ke ba ni tsoro ɗana, abin da ba tsada kuma ba ya barin jini a ƙasa mai riƙe da shi ba zai yi dogon tunani ba kafin ya latsa, takarda kuwa ba ta zuwa kasuwa ta tare maka ido wallahi

Lesa sarari take so, ga hunturunmu da ƙura,
Hazo in ya rufe gari haskenta ba ya zura,
Batiri ya ɗau zafin bazara, wa zai tsaya gyara?
Kuran ya ɗauke, soja ya koma Kalash da harsashi a jera.

Auta na Sabon Gari:
Hhhh Hajiya kin gama da shi. Ni ma ina da baiti amma portabul ɗina saura kashi 3, ku jira ni kuran ya dawo