Gam ko walda? Muhawara kan gyaran bodin tsohuwar Peugeot 504

Mai Motar: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, kuma ta daɗe a ajiye a gidanmu da ke Ƙofar Sauri a Katsina. Tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin baya da gefen but, ta kuma huda dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofin. Wani abokina ya dage cewa a yau gam ya fi walda riƙe fallen ƙarfe, har ya ce kada in bari wuta ta taɓa motar. Shin maganarsa tana da tushe, kuma wane gam ake nufi?

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka gaya wa abokinka cewa da walda aka haɗa motar nan tun daga masana'anta, ɗigo bayan ɗigo, kuma salun ɗin 504 ba ta da shasi na daban, bodin ne ke ɗauke da nauyinta. Na sha karɓar motocin da aka lafta wa gam aka rufe da fila, damina ɗaya ta wuce, sai ka sa ɗan yatsa ka ɓamɓare facin kamar ɓawon gyaɗa.

Injiniya: Baba, ranku ya daɗe, abin da kuka gani gaskiya ne, amma ina kyautata zaton gam ɗin kanti ne aka yi aikin da shi, ko dai mai kamawa nan take wanda yake tsagewa da girgiza, ko baƙin gam ɗin gilashin mota wanda aka yi shi don ya riƙa lanƙwasa. Wanda ake magana a kansa ifoksi ne mai ruwa biyu da ke gauraya a bakin bututu, irin na kamfanin 3M mai lamba 08115, kuma a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke hana matsi ya tatse shi daga tsakanin fallayen. Walda tana kama wuri-wuri ne, shi kuwa yana kama tsawon gaɓar gaba ɗaya, ya kuma toshe ta yadda ruwa ba zai kwanta a ciki ba, alhali tsatsar ƙofa daga nan take farawa.

Baba Mai Walda: To Injiniya, ka yarda a liƙa dogarin da shi, sannan ka zauna a kujerar baya a kama hanyar Jibiya?

Injiniya: A'a, Baba, nan kam ban yarda ba, kuma masu gam ɗin da kansu sun keɓe shi ne ga fallayen waje, wato fatar ƙofa da rufi da gefen baya. Dogari da ginshiƙan ƙofa da mazaunin sifirin aikinku ne. Gam yana da ƙarfi idan ana jan fallayen biyu a kwance, amma idan aka samo shi ta baki ana ɓarewa, kamar yadda yake faruwa a haɗari, ƙarfinsa raguwa yake yi sosai.

Mai Fenti: Ni abin da ya dame ni shi ne abin da ido zai gani bayan wata shida. Waldar kabaid tana murɗe falle, domin kaurinsa bai kai milimita 1 ba, sai mu yi ta cika ramuka da fila har ƙofa ta yi nauyi, kuma wannan Baba ya san shi. Sai dai gam ma yana da nasa aibin. Idan aka ɗora faci a tsakiyar falle aka liƙa, ƙarfe da gam ba sa buɗewa daidai da juna a rana, don haka a zafin Afrilu na Katsina sai layin gaɓar ya fito a ƙarƙashin fenti kamar tsagen fuska, musamman idan launin mai duhu ne. A bakin ƙofa, inda ake naɗe fatar a kan firam, babu wannan matsalar, saboda gaɓar a ɓoye take.

Baba Mai Walda: Murɗewar nan ta mai gaggawa ce. Wanda ya iya yana ɗiga nan, ya tsallaka can, ya bari ya huce, ya bi da guduma.

Mai Motar: Ke nan fatar ƙofofin a liƙa, dogarin da gefen but a yi musu walda. Injiniya, me zan kiyaye idan na samo gam ɗin?

Injiniya: Da farko ka duba ranar lalacewarsa, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafi ba ya kamawa yadda ya kamata. A goge fuskokin biyu har sai farin ƙarfe ya fito, babu fenti, babu tsatsa, babu maiƙo, kuma kada a yi aikin a fili ranar da ƙurar hunturu ke tashi. A bayanin gam ɗin 3M ɗin nan an rubuta cewa yana ba da minti 90 na aiki, da awa 4 a matse, da awa 24 kafin ya gama ƙarfi, amma wannan lissafin yanayi ne na wajen digiri 23. A nan da muke haura 40 da bazara zai kama da wuri, saboda haka da asuba ya kamata a fara. Kuma Baba ya gama duk waldarsa tukuna, domin wuta tana ƙona gam ɗin da ya riga ya bushe.

Baba Mai Walda: Ban gamsu ba tukuna. Ɗana, idan ka sayo shi ka kawo mini gareji, mu yanko guntaye biyu daga tsohuwar ƙofar mu liƙa, mu ajiye a kan kwanon rumfa mako biyu rana ta dake su, sannan in sa kurfi da guduma a gaban Injiniya.

Injiniya: Na yarda, Baba, amma ni zan goge ƙarfen da hannuna.