Takardar tambayoyina ta nuna kusan duk ɗalibaina ba su san kansu ba, ni kuwa ban yarda ba

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, kuma ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a jihar Katsina. Bincikena a kan 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ne: yadda yarinya take kallon kanta, da buƙatun da take da su waɗanda makaranta ba ta gani.

Na ɗora aikin a kan ra'ayin masanin halayyar ɗan'adam Erik Erikson, wanda ya ce babban aikin matashi tsakanin shekara 12 zuwa 18 shi ne ya amsa wa kansa tambayar ko shi wane ne. Sai na haɗa da rabe-raben James Marcia na 1966, wanda ya kasa matasa kashi huɗu: wanda ya bincika ya tsayar da ra'ayi, da wanda yake kan bincike, da wanda ya karɓi abin da manya suka zaɓa masa bai bincika ba, da wanda bai bincika ba bai kuma tsayar da komai ba.

To, da na tattara takardun tambayoyin da na raba musu, kusan duk yaran sun faɗa kashi na uku. In an tambayi yarinya me take son zama sai ta ce nas, in an ce wa ya zaɓa sai ta ce Baba. Malamin da ke duba aikina ya ce in rubuta haka nan, cewa yaran ba su kai ga sanin kansu ba. Sashen buƙatu kuma ya fi ba ni mamaki, domin kowacce ta nuna tana karya kumallo, tana ganin allo sosai, ba abin da ke damun ta. Alhali ni nake shiga ajin nan. Na san masu gyangyaɗi tun darasin farko saboda tallan dare, na san masu ɓacewa wasu kwanaki duk wata.

Akwai yarinya guda da ba ta fita raina. Tun da mahaifiyarta ta kwanta ciwo ita ke riƙe da ƙannenta, ita ke lissafin kuɗin awarar gidansu, kuma ba ta taɓa fashi ba. Hannuna ya kasa rubuta cewa wannan yarinya ba ta san kanta ba. Don Allah waɗanda suka riga mu a wannan hanya, ina matsalar take?

Tsohon Malamin Tsangayar Ilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa karatu albarka. Ki fara da tambayar wa aka auna lokacin da aka ƙera ma'aunin. Marcia ya yi bincikensa na farko ne a kan samari maza 86, dukkansu ɗaliban jami'a a Amurka, ya tattauna da su a kan sana'a da addini da siyasa. Babu mace ko ɗaya, babu 'yar shekara 14. A wurinsu, saurayi ya yi jayayya da abin da ya gada alama ce ta girma. A gidajenmu kuwa yarinyar da ta ce "Baba ya zaɓa min" tana nuna miki tarbiyya ne, kuma sau da yawa ta daɗe tana tunanin abin a ranta, har ta yi shawara da yayarta ko gwaggonta, amma ba za ta faɗa wa takarda cewa ita ta yanke ba, domin a ganinta hakan rashin kunya ne.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Markus da Kitayama sun nuna a 1991 cewa akwai al'ummomin da mutum yake gane kansa ta hanyar dangantakarsa da wasu, ba ta hanyar ware kansa ba. A 2010 Henrich da abokan aikinsa suka ja hankali cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam sun fito daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne marigayi Bame Nsamenang na Bamenda a Kamaru. Shi ya ce a Afirka ana gane girman yaro ne da irin nauyin da ake ɗora masa ya ɗauka: aike, raino, riƙon amana. Ki nemi rubuce-rubucensa ki karanta, za ki ga yarinyar awarar nan a ciki.

Ba na ce ki jefar da Marcia ba. Ki kawo sakamakon yadda ya fito, sannan a babin tattaunawa ki bayyana iyakar ma'aunin da hujja. Malaminki ba zai ƙi hujja ba in kin kai masa ita cikin ladabi, a rubuce.

Mai Ba Da Shawara A Makarantar Kwana ta amsa:

Ƙanwata, ni ba zan shiga maganar masana ba, zan yi miki maganar aji. Da wane harshe kika raba takardar? Kuma wa ya tsaya a kansu suna cikewa? In da Turanci ne, kuma ke malamarsu kina zagayawa tsakanin benci, to jarrabawa suka ɗauka kika ba su. Kowacce tana neman amsar da za ta ci, tana kuma leƙen ta kusa da ita. Wace yarinya ce za ta rubuta cewa ba a ɗora tukunya a gidansu ba, ga sunanta a saman takarda? Sirrin gida ne, an hore ta da rufe shi tun tana goye.

Buƙatar yaro ba a bakinsa kaɗai take ba. Ki ɗauko rajistar aji ki bi fashin kowace yarinya wata-wata, za ki ga na masu al'ada yana dawowa a kan lokaci, kuma galibi rashin audugar mata ne da rashin banɗaki mai ruwa. Ki samo allon gwajin ido a asibitin sha-ka-tafi, ki manna a bango, yarinya ta tsaya nisan mita 6 ta karanta. Na sha ganin wadda ake kira daƙiƙiya ashe allon ne ba ta gani, da aka dawo da ita layin gaba sai ga ta ta farfaɗo. Sannan ki tara su shida-shida ko takwas-takwas a ƙarƙashin bishiya, ba a ofis ba, ki tambaye su da Hausa: "Me yake hana yarinya kamarku zuwa makaranta?" Kada ki ce "ke". In suna maganar wata, kansu suke faɗa.

Kuma ki nemi izinin iyaye da na shugabar makaranta kafin nan. In kuma wata ta buɗe miki abin da ya shafi cutarwa, ki san tun yanzu wurin wa za ki kai maganar, don ba a tono ciwo a bar shi a buɗe.

Ɗalibin Digiri Na Uku ya amsa:

Malama, ƙari kaɗan a kan tsari. A fassara takardar zuwa Hausa, wani daban da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a gwada biyun. Wani masani mai suna Brislin ya bayyana wannan hanya tun 1970. A fara gwada ta a wata makaranta, a duba ma'aunin Cronbach, wato lissafin da ke nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, ya kai 0.70. A juya wasu tambayoyin ta yadda mai cewa "eh" ga komai za ta bayyana. Akwai kuma takardar gano matsalolin ɗalibai da Farfesa Bakare ya tsara a Ibadan don yaran Najeriya, tana da kyau a duba ta.

Amma da izinin Baba Malam, ina da ja a wuri ɗaya. Ina tsoron kada mu fake da al'ada mu rufe ido. Cikin masu cewa "Baba ya zaɓa" akwai wadda ta yarda da zuciya ɗaya, akwai kuma wadda ta san ana gama aji uku za a cire ta, don haka ba ta ga amfanin yin wani buri ba. Amsarsu ɗaya ce a takarda, halinsu kuwa ya sha bamban. In muka ce duk tarbiyya ce, ta biyun ta ɓace mana, kuma ita ce ta fi buƙatar a gan ta.

Tsohon Malamin Tsangayar Ilimi ya amsa:

Gaskiyarka, ɗana, na karɓa. Shi ya sa sai an zauna da su baki da baki. Tambaya ɗaya tana iya raba su: "Da za a bar miki zaɓi, me za ki ce?"

Malamar Aji Uku ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, da Turanci aka raba, kuma akwai gurbin suna, haka tsarin da sashenmu ya amince da shi yake. Zan rubuta wa malamina buƙatar a ba ni damar sake rabawa da Hausa ba tare da suna ba, wata malama daga wata makaranta ta tsaya musu, sannan in ƙara tattaunawar rukuni da bin rajista. Maganar Malam mai digiri na uku ta taɓa ni, domin ina iya kiran sunayen yaran da yake nufi a ajina. Abin da ya rage min shi ne takardar neman izinin iyaye: yawancinsu ajami suka fi karantawa. Akwai wanda ya taɓa rubuta irinta da ajami har kwamitin ɗa'ar bincike ya karɓa? Ina son ganin samfuri kafin a koma hutu.