"Request" ko "demand"? Kalmomin Turanci masu kama da juna

Ɗalibar Lissafi:
Assalamu alaikum. Makon jiya na rubuta wa malamin da ke duba aikin bincikena "I demand more time", a zatona daidai yake da "request", tunda ƙamus ya ba ni su duka a ma'anar nema. Da ya kira ni, ya ce "demand" na wanda yake ganin dole a ba shi ne, "request" kuwa roƙo ne cikin ladabi. Har yau abin yana damuna. Don Allah wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, abin yana da tushe. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, talakawa kuma suka ci gaba da nasu. Shi ya sa ake samun kalmomi biyu-biyu: "ask", "buy" da "begin" na hira ne, "inquire", "purchase" da "commence", da suka fito daga Faransanci, na takardar ofis. Na yi shekaru ina fama da ɗalibai masu ganin doguwar kalma ita ce girmamawa. Wani ya taɓa rubuta wa abokinsa na ƙuruciya "I wish to inquire about your health". Nahawu bai karye ba, amma zumunci ya yi sanyi. "How are you feeling?" ya ishe shi.

Maman Biyu:
Gaskiya ne, Malam. Ni "sorry" da "regret" ne suka ba ni wahala. Mahaifin abokiyar aikina ya rasu, na tura mata "I regret to hear that". Daga baya ta faɗa mini ya yi mata kama da wasiƙar hana aiki, domin "we regret to inform you" ake buɗe irin waɗannan wasiƙu da shi. Abin da zuciyata take nufi shi ne "I'm so sorry for your loss". Shi kuma "I apologise" ɗaukar laifi ne, bai dace da ta'aziyya ba sam.

Ɗan Kwamfuta:
Ina aiki da Turawan Ingila da Amurkawa ta intanet. Baturen Ingila ya ce aikina "quite good", na yi ta murna, ashe yana nufin ba laifi ne kawai. A bakin Ba'amurke kuwa yabo ne sosai. Tun daga nan nake tambayar abin da za a gyara kafin in rufe aikin.

Ɗalibar Lissafi:
Na gode ƙwarai. Malam, to me zan rubuta masa yanzu?

Tsohon Malami:
Ki buɗe da sunansa, ki ce "I apologise for my wording", a nan kalmar ta zauna daidai tunda kuskuren naki ne. Sai ki bi da "Could I please have one more week?" Tunda kin ambaci sunansa, ki rufe da "Yours sincerely".