Karena na firgita da ƙarar nokawut, ya zan yi?

Ɗan Sabon Gari:
Salam jama'a. Don Allah a taimaka min da shawara. Kirsimeti ya matso, yaran unguwarmu sun fara fasa nokawut, karen gidanmu da ya ji sai ya hau rawar jiki yana haki, ya shige ƙarƙashin mota, ko tuwo ba ya ci. Wallahi tausayi yake ba ni.

Mazaunin Samaru:
Wa alaikumus salam. Kunnensu ya fi namu ji nesa ba kusa ba, shi ya sa. Ka ba shi abinci tun kafin magariba, ka sa shi ɗakin ciki ka rufe taga ka kunna rediyo, ka ajiye masa ruwa da tsohon buhun da ya saba kwanciya a kai. Kar ka ɗaure shi da sarƙa a waje fa, garin fizge-fizge sai ya shaƙe kansa.

'Yar Wusasa:
Gaskiya ne yallaɓai. Kuma a daina dukansu in sun ɓuya, tsoro ne ba taurin kai ba. Namu haka yake yi har da ƙarar bindigogin hawan sallah, sai mun kulle get don kar ya ɓata.

Baban yara:
Ɗan'uwa kar ka kuskura ka ba shi maganin mutane, farasitamol ma yana iya illata shi. In abin ya yi yawa kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya, likita ya duba shi tun kafin daren sabuwar shekara.