Kwana biyu a Japan da ciwon gwiwa: Katsura ko Horiyuji?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Japan nake nema. Zanen gine-gine nake koyarwa, kuma ƙarshen Nuwamba in sha Allah ina da taro a Osaka. In an tashi taron, Laraba da Alhamis kawai suka rage mini kafin jirgi. Kuɗin mota da na shiga wurare da abinci, duka yen 25,000 na ware. Laraba ta Riyoanji ce a Kiyoto, wannan na gama yankewa, don na daɗe ina nuna wa ɗalibai hoton lambun duwatsun nan ban taɓa sa shi a ido ba. Alhamis ɗin ce ta hana ni barci. Ko in nemi gurbi a gidan sarauta na Katsura da lambun gansakuka na Saihoji, waɗanda sai an yi rajista tun da wuri, ko in nufi Nara in ga Horiyuji, ginin katakon da ya fi kowane daɗewa a duniya. Abu biyu don Allah: likita ya hana ni yawan hawa matakala saboda gwiwa, kuma ba zan je Tokiyo ba.

Sani Nagoya: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko ki sayi JR Pass, tikitin jirgin ƙasa na masu yawon buɗe ido, na kwana bakwai tun kina gida, yen 29,650. Zuwa Tokiyo da dawowa kaɗai ya kusa fanshe kuɗin.

Ummi Zariya: Yaya Sani wannan farashin ya mutu tun Oktoban 2023, lokacin da aka mai da shi 50,000. Kuma baiwar Allah ta ce ba za ta Tokiyo ba. Daga Umeda a Osaka zuwa tashar Katsura a jirgin Hankyu ko yen 500 ba a kai ba.

Abba K.: Aunty kada ki kuskura ki dawo ba ki je wurin bautar Fushimi Inari a Kiyoto ba. Jajayen ƙofofi dubbai a jere har ƙolin dutse. Ni sai da na kai can sama, wallahi hotunan da na yi har yau su ne a fuskar wayata.

Ɗan Kwatarkwashi: Tsaya in fahimta. A hau jirgi daga Kano zuwa ƙarshen duniya, a biya kuɗi, a cire takalmi, a zauna ana kallon duwatsu goma sha biyar? Malama ki zo garinmu, na yen 600 zan loda miki tifa guda har da tsakuwar kyauta.

Dakta Lawal: Ɗan Kwatarkwashi, naka ba a jera su ba, bambancin ke nan. Malama, tunda sana'armu ɗaya bari in faɗa miki abin da hoto ba ya nunawa. Filin ƙarami ne ƙwarai, kamar mita 25 ne a tsawo, 10 a faɗi. Duwatsun kashi biyar ne a kan farar tsakuwa da ake ja wa layi da manjagara, kuma duk inda kika zauna a barandar aƙalla ɗaya zai ɓuya miki. Kowa wannan lissafin yake yi da yatsa, har ya tashi bai kalli katangar da ke bayansu ba. Ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ta ƙasa ce, an kwaɓa da mai, shekaru suka sa man ya tsattsafo ya yi mata zane ruwan ƙasa-ƙasa da babu mai fentin da zai iya. Wani babban mai mulki, Hosokawa Katsumoto, ne ya kafa wurin a 1450. Ƙarfe takwas ake buɗewa, ki kasance a bakin ƙofa kafin nan, don ƙarshen Nuwamba lokacin jan ganye ne, kafin goma motocin 'yan makaranta sun cika wurin. Batun Alhamis kuwa, Katsura ba shawara. Cikin manyan masu zanen gine-gine na Jamus, Bruno Taut ya gan shi a 1933 ya rasa bakin yabo, Gropius ma ya je a 1954. Mai koyar da zane ya tsallake shi, da wane ido zai kalli ɗalibansa?

Alhaji Bala Mai Gwanjo: Hmm. Katsura. Saihoji. Da na ga sunayen nan sai da gabana ya faɗi. Ƙanwata ki saurare ni da kyau. Na je harkar motoci, na tafi da uwargida don ita ce mai son furanni da shuke-shuke, ta ga lambun gansakukan nan a waya ta ce ko da shi kaɗai za ta gani ta gode Allah. Aka haɗa ni da wani bawan Allah a WhatsApp, ɗan nahiyarmu ne mazaunin can, wai aikinsa ke nan kai baƙi. Ya ce wuraren biyu ba a shiga sai da hanya, shi kuma yana da hanya. Yen 40,000 ya karɓa mu biyu, ya turo mini wata takarda da rubutunsu wanda ban iya karantawa. Ranar muka yi asubanci, ana ruwan sama, sanyi har cikin ƙashi. Muka isa ƙofar Saihoji, mutumin da ke wurin ya duba takardar, ya duba jerin sunayensa, ya rusuna mana cikin ladabi ya girgiza kai. Babu sunanmu. Na kira wancan, waya a kashe. Muka ɗauki tasi zuwa Katsura, mita tana gudu zuciyata tana binta, can ma babu, kuma gurbin da ake rabawa na ranar ya ƙare tun da safe. Hajiya ta zauna a tashar bas tana share hawaye, mace mai jikoki. Daga baya wani ɗalibi ya karanta mini takardar, ashe bayanin hanyar zuwa wurin ne kawai aka kwafo daga intanet. Ƙarshenta Kinkakuji, haikalin nan mai zinariya, muka je don kada a ce ba a ga komai ba, ana ture mu ana ɗaga waya. Ina cikin yaba zinariyar sai aka ce mini ai na asalin na 1397 wani matashin ɗan wurin ya cinna masa wuta a 1950, wannan a 1955 aka gina. Ashe yayana ma ya girme shi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ummi Zariya: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba. Hajiya ta ban tausayi.

Abba K.: Baba ka sako lambarsa a nan mu yi masa taron dangi.

Mai kula da zaure: Ba a sa lamba ko sunan kowa a nan. Alhaji Allah ya saka maka.

Sani Nagoya: 40,000? Alhaji ai Katsura kyauta ne, fasfo kawai ake nunawa. Saihoji kuma 3,000.

Ummi Zariya: Yaya Sani ka sake. Tun Nuwamban 2018 Katsura yen 1,000 ne. Saihoji ni 4,000 na biya ta intanet, har da ɗan abin da suka ɗora na rajista.

Hauwa'u M.: Ni 3,000 na bayar a hannu, amma lokacin kati ake aikawa ta gidan waya su maido da amsa. Tun 1977 suka hana shiga kai tsaye don ƙafafun mutane na kashe gansakukan, kusan iri 120 ne a wurin. Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa wa Maman Hanif. Kafin a shiga lambun sai an zauna a babban ɗakin an kwafi wani nassi na addinin Buddha da alƙalami, yana cikin tsarin ziyarar. Ni ban sani ba sai da na shiga, raina bai kwanta ba. Ki san da wannan kafin ki biya, ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Malam Isiyaku: To Alhaji, ka gani. Wata ƙila Allah ne ya tsare ku.

Alhaji Bala Mai Gwanjo: Malam, da ya tsare ni da kuɗina a aljihu da na fi gane wa.

Sani Nagoya: Ni dai abin da nake gani, masu zuwa yawon mako guda su riƙa sassauta murya. Mu muke zaune a ƙasar nan, mu muke biyan haraji.

Dakta Lawal: Malam Sani, da girmamawa, farashi uku ka kawo duka sun tsufa. Yaushe rabonka da Kiyoto? Zama a ƙasa daban, sanin gininta daban.

Sani Nagoya: Mai aikin dare a masana'anta ina ya ga lokacin kallon gansakuka Dakta? Ku da gwamnati ke biya wa otal ai dole ku san katanga.

Injiniya Rabi'u: Ku bar wannan. Dakta, ni ban yarda da kai ba kan Katsura, kuma na shiga. Ba a barin kowa ya taka cikin ginin. Rukuni ake yi, ma'aikaci a gaba ma'aikaci a baya, kamar awa ɗaya, ana bin duwatsun takawa ɗaya bayan ɗaya da ƙananan gadoji, ba a tsayawa sai inda aka ce. Ɗakunan shayin ta waje ake leƙa su. Yana da kyau, ban musa ba, Yarima Toshihito da ɗansa sun san abin da suka yi a ƙarni na 17. Amma wanda yake son ya ga yadda katako ke riƙe katako, Horiyuji zai je. An kafa shi a 607, ya ƙone a 670, aka sake ginawa, kuma abin da aka gina ɗin ne ke tsaye har yau. Hasumiyarsa hawa biyar ce, ta haura mita 30, da ginshiƙi guda a tsakiya wanda bincike ya nuna an sare itacensa a 594. Hawa-hawan ba a ɗaure suke tamau da ginshiƙin ba, in ƙasa ta girgiza kowane hawa yana motsinsa, shi ya sa ba ta faɗi ba. Ka tsaya a ƙarƙashin rufin ka ɗaga kai ka ga yadda aka sassaƙa itace ya shiga cikin ɗan uwansa, ba mai koro ka. Daga Tennoji a Osaka bai kai rabin awa a jirgi ba. 1,500 na biya.

Ummi Zariya: An ƙara, 2,000 ne yanzu.

Abba K.: In za ki Nara ki kula da barewan nan, ɗaya ta cinye mini taswira tana rusuna mini.

Ɗan Kwatarkwashi: Yanzu na ga wai zanen bangon fadar Nijo da ke Kiyoto 'yan Kano ne suka yi. Kanawa ba ku bar ko'ina ba, har can kun kai kasuwa?

Dakta Lawal: Zuriyar masu zane ce mai wannan suna, kusan shekara 400 suna yi wa masu mulki aiki. Kano Tanyu ne ya jagoranci na Nijo wajen 1626. Ba su haɗa komai da Kurmi ba.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Baba Alhaji Allah ya huci zuciyar Hajiya. Injiniya, a Horiyujin akwai matakala da yawa? Kuma daga tasha akwai bas ko sai an taka?

Ɗan Agadas: Ni abin da ya tsaya mini a rai a maganar Injiniya daban ne. Lokacin da na je horo an kai mu Ise, babban wurin bautar addinin Shinto. Duk shekara 20 suke rushe wurin bautar su gina sabo a filin da ke gefe, sak irin na da. Na 62 aka yi a 2013, na gaba 2033. Na tambayi mai yi mana bayani me ya sa ake wannan ɓarnar katako, ya ce don yaron da ya riƙe wa ubangidansa kaya a wannan karo shi ne zai ja aikin a karo na gaba. Nan take na tuna da yaɓen hasumiyar masallacinmu. Dabarar ɗaya ce, in aka daina taɓa ginin hannun da ya iya shi ne ke fara mutuwa.

Injiniya Rabi'u: Ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. A 1949 gobara ta lalata zanen bangon Horiyuji, a 1950 suka yi dokar kare kayan tarihi. Shekara guda. Mu fa? Ganuwar Kano ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta kowa na gani. Soron kakanmu mai daurin guga, 'yan uwa suka haɗa kuɗi aka rushe aka yi shaguna. Na nemi maginin da zai gyara azarar tun kafin a kai ga haka, wanda aka nuna mini ya tsufa ba ya hawa, 'ya'yansa duk bulo suke yi.

Alhaji Bala Mai Gwanjo: Injiniya kai a gidan ƙasa kake kwana? Ku masu boko kuna son talaka ya zauna a tubali ku zo ku ɗau hoto. Duk damina sai an yi yaɓe, wa zai biya?

Dakta Lawal: Alhaji ba wanda ya ce kowa ya koma tubali. Amma aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya, ɗalibai nawa ne a sashenmu suka taɓa shiga suka ɗaga kai suka kalli bakan gizon? Sun fi sanin Katsura.

Sani Nagoya: Wa ya koya musu Katsuran? Ba ku ba?

Hauwa'u M.: Abin da ya fi ba ni haushi masu shafe ginin ƙasa da siminti wai gyara. Ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, shekara kaɗan bangon ya rufto gaba ɗaya. Haka aka yi wa zauren gidanmu, kuma wanda ya ba da shawarar injiniya ne da takardarsa.

Injiniya Rabi'u: Ba irina ba dai. Makuba ake sawa, amma je ki nemo mai haɗa ta yanzu ki ji kuɗin da zai faɗa miki.

Ɗan Agadas: Akwai su a wajenmu. Matsalar kawo su ce, da kuɗin mota da abin da ake karɓa a hanya ya fi ladan aikin.

Alhaji Bala Mai Gwanjo: Yauwa, hanya. Bari in ba ku labarin abin da aka karɓa a hannun direbana tsakanin kan iyaka da Katsina watan jiya.